Sif a cike, kayan sawa babu: yadda na rage tufafina zuwa waɗanda suke tafiya da juna

Daren da ƙarfen rataye kaya na sif ɗina ya karye, wajen ƙarfe biyu, ni da maigidana mun ɗauka ɓarayi ne suka ɓalle ƙofa. Da gari ya waye, tunda kayan sun riga sun zube, sai na kwaso su gaba ɗaya na jibge a kan gado na hau ƙirge. Atamfa ɗinkakkiya 38, leshi 11, shadda 6, abaya 9, mayafi da gyale 27, ban da hijabai da ɗankwalayen da suka rabu da rigunansu tun tuni. Na zauna a bakin gado ina kallon tulin. Ko a satin nan sai da na makara wajen aiki saboda na tsaya a gaban wannan sif ɗin ina mita wai ba ni da kayan sawa. Da na ware waɗanda na saka a wata ukun da suka wuce, kala 13 ne cif. Sauran cin wuri kawai suke yi.

Ƙanwata ce ta leƙo ta ga tulin, ta ce, "Yaya, abin da ya kamace ki shi ne wanda Turawa ke kira kafsul wadirob." Kalmar farko kafso ɗin nan ne na magani da muka sani, ɗan ƙarami amma an cusa masa duk abin da ake buƙata. Ta biyun kuwa sif. Wato mutum ya tsaya a kan 'yan tufafi kaɗan, masu kyau, waɗanda kowanne yake shiga da ɗan'uwansa, ta yadda duk biyun da hannu ya kai kansu da asuba za a iya fita da su.

Wata mai shagon tufafi a Landan, Susie Faux, ita ce ta yayata kalmar a shekarun 1970. Sunan shagonta ma Wardrobe. Shawararta ga matan da ke zuwa wurinta ita ce su mallaki 'yan kaya masu nagarta waɗanda yayinsu ba ya wucewa, kamar siket da wando da kwat, sannan kowane lokaci na shekara su ƙara abu ɗaya ko biyu a kai. A 1985 Donna Karan ta fitar da tufafi guda bakwai a New York domin matan da ke aikin ofis, akasarinsu baƙaƙe, an tsara su a kan wata riga mai kama jiki da ake ɗora sauran a kanta, a fita ofis da su da safe, a sauya guda ɗaya a wuce liyafa da yamma. Sai a 2010 wata Ba'amurkiya, Courtney Carver, ta zo da tsarin da ta sa wa suna Project 333: abu 33 na tsawon wata 3. A cikin 33 ɗin har da takalma da jaka da sarƙa, amma ban da kayan ciki, kayan barci, kayan zaman gida, kayan motsa jiki da zoben aure. Sauran a zuba a kwali a rufe. Wannan shi ne ya fi yaɗuwa, don mutane suna son a ba su lamba.

Ni ma lambar na bi da farko, kuma sati biyu kawai na yi na watsar. Dalilin ya ɗauke ni lokaci kafin na gane shi. Su da guda suke ƙirga kaya, mu da kala. Baturiya mai riga biyar da siket huɗu tana da abu tara a sif, amma shiga ashirin take fitarwa, don kowace riga tana hawa kowane siket. Ke kuwa atamfarki yadi shida da tela ya yanka ya fitar da riga da zani da ɗankwali, abu uku ne, amma shiga ɗaya tal. Ba ki isa ki ɗora rigar wannan atamfa a kan zanin waccan ki fita ba, sai dai cikin gida ranar wanki. To in kika bi lissafinsu ido rufe, kala takwas da takalma biyu da mayafai sun cinye miki 33. Abin ɗauka a wurinsu shi ne dabarar shigar kaya da juna, kuma a wurinmu ita wannan a mayafi take, da wurin tela.

Fara da fito da komai. Ki zaɓi ranar da ba ki da fita, ki kwaso har na cikin akwatin saman sif da na jakar bakko da ke ƙarƙashin gado. Tuli uku za ki yi. Na farko, abin da kika saka a wata ukun nan kuma kika ji daɗinsa a jiki. Na biyu, abin da kin san tsakaninki da Allah ba za ki ƙara sawa ba. Na uku shi ne na "ina sonsa, amma".

A kan wannan na ukun za ki ɓata lokaci, don a nan ne za ki gane halinki. Ki ɗaga kowanne ki ƙarasa zancen da bakinki. Amma ya matse a hammata. Amma zif ya mutu. Amma ba ni da mayafin da zai shiga da shi. Amma yana zuba, sai an wanke shi shi kaɗai. Amma duwatsun wuyan suna kartar fata. Ni da na yi haka, cikin atamfofi 38 guda 14 laifinsu ɗaya ne, babu mayafinsu. Na saye su ne don sun burge ni a rataye a kanti, ban taɓa tambayar kaina da me zan yafa su ba. Wanda gyaransa ƙarami ne, ki ba kanki sati biyu ki kai wa tela. In sati biyun ya cika yana nan a ninke, ya koma tuli na biyu. Wanda kike jira sai kin rame tukuna, ki sa shi a akwati ki rufe, kada ki dinga buɗe ido a kansa kullum yana ɓata miki rai.

Turawa suna da dabarar juya kan hanga ta baibai, duk rigar da aka saka a mayar da tata daidai, bayan wata uku a ga waɗanda ba a taɓa ba. Mu yawancin kayanmu a ninke suke. Abin da nake yi, duk abin da ya dawo daga wanki da guga ina ajiye shi a layin dama. Layin hagu yana raguwa, kuma duk abin da ya kai ƙarshen wata uku a hagun ya faɗi gaskiyarsa da kansa.

Kafin ki zaɓi waɗanda za su zauna, ki ɗauki biro ki rubuta yadda watanki yake tafiya. Ni ina fita aiki kwana biyar a sati, Islamiyya Asabar da Lahadi da safe, biki ko suna ko gaisuwa kamar sau uku a wata, kasuwa sau biyu. Da na gwada wannan da tulin da ke kan gado, sai na ga kashi biyu cikin uku na kayana na biki ne. Wato ina ciyar da kwana uku, na bar kwana ashirin da biyu da yunwa. Ga dalilin makarata kullum. Ke wataƙila matar gida ce, ko kina da shago, ko kina asibiti da yunifom. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, amma rabon kaya a sif ya bi rabon kwanaki.

Daga nan sai launi, kuma da mayafi za ki fara, ba da atamfa ba. Duk mun saba akasin haka: a sayi atamfa, a kai ɗinki, ranar fita a shiga neman gyalen da zai dace, a rasa, a aiki yaro kasuwa. Haka aka yi na tara 27, ciki har da wani ruwan ƙwai da sau ɗaya na taɓa yafawa. Yanzu biyar gare ni: baƙi, ruwan toka, ruwan madara, ruwan hanta da shuɗi mai duhu. Su na zaɓa saboda su suka fi yawa a cikin kala 13 ɗin nan da hannuna ke komawa kansu, kuma suna karɓar fatata. Naki na iya zama ruwan ƙasa da kore da ruwan goro, ba laifi. Abin kiyayewa dai, kada wani abu ya shigo sif sai ya shiga da aƙalla biyu daga cikinsu.

Ranar da zan shiga Kantin Kwari, ina cusa mayafai biyu ko uku a jaka. In atamfa ta burge ni, sai na ce wa mai kanti ya miƙo, in fito da ita bakin ƙofa inda hasken rana yake, in shimfiɗa mayafina a kai. Fitilar kanti maƙaryaciya ce, ta sha sayar min da ruwan hoda a matsayin ruwan madara. Wani dattijo da nake saye a wurinsa ya taɓa yin dariya ya ce, "Hajiya, ke kullum da alƙalanki kike zuwa." Na ce masa ai gara su yanke hukunci a nan da su yanke a gida. Takalmi da jaka su ma haka, baƙi da ruwan ƙasa sun gama min komai, sai ɗaya mai ruwan gwal na biki.

Sai wurin tela, inda yawancinmu muke kashe kuɗi mu kashe yadi. Ɗinkin yayi shekara ɗaya yake yi. Hannun da ake rububinsa bara, bana in kin saka shi kowa ya san na bara ne. Saboda haka atamfar yau da kullum ina ba da ita a yi ɗinki mai sauƙi: doguwar riga sakakkiya, ko bubu, ko riga da siket ba dutse ba tarkace. Ina roƙon a bar yadi a cikin ɗinki ta gefe da gefe, yadda in jiki ya ƙaru za a buɗe. Wani tela ya taɓa yanke min wannan rarar tas don wai ɗinkin ya fi kwanciya, bayan haihuwata ta biyu rigar ta zama ta ƙanwata. Tun daga ranar sai na juya riga ta ciki na duba kafin na biya cikon kuɗi.

Babban abin da ya sauya min lissafi shi ne siket biyu na yadi mai kauri marar zane, ɗaya baƙi ɗaya shuɗi mai duhu, da riguna huɗu na sama su ma marasa hayaniya. Shiga takwas ke nan daga abu shida. Sannan rigunan atamfofina huɗu da aka yi wa riga da siket, kowacce tana hawa baƙin siket ɗin da ɗankwalinta, ta fito kamar wata sabuwar kala. In kina ba da sabon ɗinki, ki ce a yi rigar da ɗan tsawo yadda za ta iya zama ita kaɗai a kan wani siket. Zani kuwa, in kina iya ɗaurawa, ki bar shi zani. Ba ya matsewa, ba ruwansa da ciki ko jego. Kakata da zannuwa ba su fi shida ba a adudunta ta yi rayuwa: ta ɗaura, ta yafa, ta goya jika, in ya tsufa ya koma shimfiɗa, daga nan ya zama tsumma. Ba ta san wata Susie Faux ba.

Ga abin da ya zauna a sif ɗina a zangon nan. Atamfa 6, abaya 2, doguwar rigar yadi 2, siket 2, rigunan sama 4, leshi 2 da shadda 1 na biki, mayafi 5, hijabi 4, takalma 4, jaka 2. In an ƙirga kowace atamfa a matsayin guda, 34 ke nan. Shigar aiki 22 nake fitarwa daga ciki, wato kusan wata guda ba tare da na maimaita ba. Kada ki kwafi lambata. Ni duk Asabar ake min wanki, kuma ina da dutsen guga na gawayi saboda ranar da ba wuta. In sai sati biyu-biyu kike wanki, ko kina da jariri mai tumbuɗi, dole ki ƙara.

Su can wata uku-uku suke sauyawa saboda yanayinsu huɗu ne. Ni sau uku nake buɗe akwati a shekara. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke dafa mutum, auduga zalla da boyel, duk abaya mai santsin roba ta koma akwati. Da damina shanya ba ta bushewa da wuri, sai na ƙara kala biyu, in ajiye duk abin da ke jan ƙasa, in fito da takalmin da ruwa ba ya ɓatawa. Da hunturu suwaita ɗaya da safa su shigo, baƙaƙen kaya kuma su ja baya, don kafin ki sauka daga adaidaita sahu ƙura ta mayar da su ruwan toka.

Yanzu sai anko, wanda shi ne ya karya ƙarfen sif ɗina in an bi diddigi. Babu wani Bature da ya yi lissafinsa a tsarinsa. Biki ɗaya, ankon kamu daban, na dina daban, na wuni daban, launin kuma ba ke kika zaɓa ba. Cikin leshi 11 da na ƙirga, tara anko ne, kowanne sau ɗaya ya ga rana. Ba zan ce miki ki daina ba, don zumunci ba abin wasa ba ne, kuma na san yadda ake kallon wadda ta zo bikin dangin miji ba anko. Abin da na tsayar wa kaina shi ne uku a shekara, na jini ko aminiya ta ƙut da ƙut. In biki ɗaya ya zo da uku, atamfar nake ɗauka in bar leshin, don ita ce za ta iya komawa kayan aiki. Kuma ɗinkin da zan iya zuwa ofis da shi nake yi mata, ranar bikin sarƙa da ɗaurin kai su cike gurbin. Duk ankon da ya shigo, wata kala ta fita.

Sauran bukukuwan, ina zuwa da abin da ya yi kusa da launinsu, kuɗin ankon kuma in ƙara a gudummawa. Karon farko da na yi haka, goggona ta ja ni gefe a tsakar gida ta ce, "Ke 'yar nan, lafiya? Ko wani abu ne ya samu maigidan naki?" Na ce, "Lafiya lau Goggo, sif ne ya cika." Ta kalle ni sama da ƙasa, ta taɓa leshin jikina, ta ce ai wannan ma ta san shi tun sunan Abba. Ta faɗi gaskiya. Ban mutu ba, kuma uwar amarya da ta buɗe ambulan ba ta tambayi anko ba. Kayan Sallah ma haka nake yi musu: in zan ɗinka, ina ɗinka abin da zai maye gurbin kalar da ta ƙoɗe a cikin shidan nan.

Amare, ku ji wannan. Kada ku kwashe lefe gaba ɗaya ku kai wa tela a watan farko. Atamfar da ba a yanka ba ba ta matsewa, yayi ba ya wuce ta, ana iya kyauta da ita, ana iya sayar da ita ranar matsi. Da almakashi ya shige ta, darajarta ta faɗi. Ku ɗinka biyar ko shida, sauran su jira a akwati, ku dinga ciro ɗaya in ɗaya ta gaji.

Wajen saye, lissafin da nake yi shi ne na raba kuɗin abu da yawan sawa. A ce abaya ta naira 40,000 da zan saka sau 80, kowace sawa ta tashi 500. Leshin naira 60,000 da zai fita sau biyu, kowace fita 30,000. A nan ne za ki ga wadda kwalliyarta ta biya kuɗin sabulu. Araha ba ta ado, amma fa tsada ma ba shaidar nagarta ba ce. Ki murza yadin a hannu, ki ɗaga shi a haske, ki duba bayan ɗinki.

Akwai wata cuta da ta shiga wannan tsarin, musamman a Instagram da TikTok. Za ki ga mace ta kwashe sif ɗinta kaf ta zubar, ta je ta sayo sababbi talatin duk ruwan madara da ruwan ƙasa, ta ce ta rage kaya. Wannan sayayya ce aka sauya wa suna. Irin abin da suke zubarwa can shi ke dawo mana a dilar gwanjo, a Ƙofar Wambai ko a Kantamanto ta Accra. Wata ukun farko kada ki sayi ko ɗankwali. Ki riƙe takarda a jikin ƙofar sif, duk ranar da kika nemi abu kika rasa ki rubuta. Abin da ya fito sau uku a takardar, shi ne kike buƙata da gaske. Ni dogon hijabi ruwan toka ne kawai ya fito. Tuli na biyu kuma a wanke, a goge, a gyara maɓalli kafin a bayar. Wanda ya yage ya zama tsumman goge-goge a gidanki, kada a kai wa mutane abin da ke kanki ba za ki karɓa ba sai kin runtse ido.

Maza sun fi mu sauƙi, don sun daɗe suna yi ba tare da suna ba. Maigidana kaftani biyar ne ke yi masa sati, fari biyu, ruwan sararin sama, ruwan toka da ruwan ƙasa, hula uku, babbar riga biyu ta Juma'a da ɗaurin aure. Ya sauya hula, ya zama wani mutum. An san Malam Aminu Kano da fararen kaya marasa ado da jar hula, ba wanda ya raina shi don haka. Barack Obama ma ya faɗa a 2012, yana shugaban Amurka, cewa kwat ruwan toka ko shuɗi kawai yake sawa don ya rage wa kansa yawan yanke shawara.

Da wata ukun farko suka cika na buɗe akwatin "amma", abu uku kawai na ciro, sauran na ma manta ina da su. Akwai dai leshi guda, ruwan zuma, na cikin lefena, wanda bai shiga da ko ɗaya cikin mayafaina biyar ba, kuma rabon da ya shige ni tun kafin haihuwar fari. Sau uku ina sa shi a tulin kyauta ina cirewa. Yana nan a ƙasan akwati da ƙullin turaren wuta a cikin ninkinsa, ba na ƙirga shi a 34 ɗin.